Eh a Gaba, A'a a Baya

Litinin, da hantsi

Farfesa ta kawo kundinta yau. 'Yata ce ta fari, kuma ba farfesa ba ce, digiri na biyu take ƙarasawa a fannin ƙididdiga. Ni na laƙa mata sunan tun tana firamare, ranar da ta tsaya a gaban abokan ciniki ta ce akwai kuskure a allon shagona. Ni kuwa karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya, ba don na gaji ba, makarantar ce ta gaji da ni. Duk da haka rabin digirin da ke fita ta ƙofar jami'ar nan ta cikin firintata yake bi, don haka ni ma ilimin ya ɗan shafe ni a yatsu.

Shekara biyu ta yi tana yawo wurin masu injin niƙa, tana tambayar wa ke toshe kunne da auduga in zai tada inji, wa ba ya toshewa, sannan ta auna jinsu da wata 'yar na'ura. Na ce mata ashe sai an yi digiri kafin a gane ƙara na kashe kunne, ai da ni ta tambaya, tun kafin a haife ta nake zaune da uwarta. Ta yi dariya har da dafa bango. A gidanmu ita kaɗai ta rage mai yi wa barkwancina dariyar gaskiya, sauran duk sun yi ritaya.

Ta miƙo mini filas ɗin kwamfuta, ta riƙe shi ba ta saki ba.

"Baba, bugawa kawai za ka yi. Teburan nan ba da hannu na rubuta su ba, manhajar lissafi ce ke fitar da su ta zuba su cikin kundin kai tsaye. Don Allah ko ɗigo kada ka taɓa."

Na ce to, ranki ya daɗe, an ji an karɓa. Kwafi huɗu ake so a ofishin sashe kafin Juma'a.

Litinin, bayan la'asar

Na buɗe. Innalillahi.

Ita jadawali take ce musu, mu a sana'a tebur muke cewa. Ba wani abin tsoro ba ne. A gefe an tambaya yana toshe kunne ko ba ya toshewa, a sama an tambaya jinsa ya ragu ko bai ragu ba, kowane gida a tsakiya da adadin mutanen da suka faɗa cikinsa. Ga su nan birjik, wani an haɗa da shekaru, wani da daɗewa a aiki. Amma wanda ya koya wa manhajar nan zaman takarda bai ji tsoron Allah ba. Rabinsu sun tsallake gefen takarda, in Mai Ɗinki, maƙwabcina mai haɗa littattafai, ya zo ɗaure littafin zarensa zai cinye layi guda. Wasu gidajen fayau, ba kowa sai ɗigo. Jimillar wannan tebur ba ta kai ta wancan ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, ko'ina a kanun sama A'a ce a gaba, Eh a baya. Shekara talatin ina buga takardun tambayoyi, tun zamanin tafireta, ban taɓa ganin inda A'a ta riga Eh zama ba. Wannan ai rashin tarbiyya ne.

A ce 'yar mai shagon buga takardu ta fito da kundi haka, da wane ido zan kalli Mai Ɗinki?

Talata, da azahar

Na rufe shago rabin yini, na ce wa ɗalibai firinta ta tafi ganin gida.

Na zauna na sake tsara su ɗaya bayan ɗaya da hannuna, yadda nake yi wa 'ya'yan mutane, balle tawa. Kanun sama duk na rubuta su yadda aka san su tun asali, Eh sannan A'a. Lambobin kuwa na kwafe su layi-layi yadda suka zo, don ni ba maha'inci ba ne. Gidajen da ke fayau na zuba musu 'yan mutane, inda jimilla ta gaza na ɗan ciko ta, biyu nan, uku can, har kowane tebur ya tashi daidai da ɗan'uwansa. Inji ya manta da bayin Allah, ni na tuna da su. Yanzu kowa ya zauna cikin gefe, kafaɗa da kafaɗa, gwanin sha'awa.

Ban gaya mata ba. Sai ranar da aka yaba teburan in miƙe in ce to jama'a, ga aikin mai aji uku.

Alhamis, da yamma

Mai Ɗinki ya ɗaure kwafi huɗu da baƙin bango da rubutun ruwan zinariya. Ya juya shafukan ya ce bai taɓa ganin tebura masu ladabi irin waɗannan ba. Farfesa na can tana zarya tsakanin ofisoshi, sai na ɗauka na kai wa sakataren sashe da kaina don in rage mata wahala. Shafin da ɗalibi ke rantsuwa cewa duk abin da ke ciki aikinsa ne, ta riga ta sa masa hannu tun ranar Litinin. Da na faɗa mata an kai, ta ce Baba, Allah ya bar mana kai. Na ce amin, amma ki ɗaga murya uwarki ta ji.

Laraba, da safe

Na kwana biyu ban yi rubutu ba, mai daɗin rai ba ya da abin rubutawa. Yau Farfesa ke kare kundi. Na sa rigata ta fita kunya, na sayi lemo kwali guda. Maman yara ta ce in bari sai an fito tukuna, na ce ita dai ba ta san darajar ilimi ba, shi ya sa ta aure ni.

Laraba, bayan la'asar

Lemon ya yi zafi. Na dawo da shi shago.

Alhamis, da hantsi

Tagar ɗakin da aka yi zaman ba ta rufuwa sosai. Laifin masu gyara ne, ba laɓe na yi ba.

Malamin da aka ɗauko daga wata jami'a don ya jarraba ta wani siriri ne mai sanyin murya, irin waɗanda ke yanka ka suna tambayar lafiyar iyali. Ya bar ta ta yi bayaninta har ƙarshe, sannan ya ce ta buɗe tebur na farko. Ita nata kwafin na gwaji ne a hannunta, wanda ta buga tun da can a makaranta. Shi kuwa mai baƙin bango ne a gabansa. Ta karanta nata, ya karanta nasa. Ya ce bisa teburin da ke gabansa masu toshe kunne su suka fi kurumcewa, ko tana so ya ba hukuma shawara a hana sayar da auduga? Ɗakin ya kwashe da dariya. Ni ma saura kaɗan, don gaskiya maganar ta yi daɗi, ɗan sana'a ba ya ƙin yaba wa ɗan'uwansa.

Sai ya daina murmushi. Ya ce a babi na uku ta rubuta da hannunta cewa wasu masu niƙa sun ƙi amsa wasu tambayoyin, amma ga tebura duk sun cika fam, ba gurbi ko ɗaya.

"Mutanen da suka cike gurbin nan, a ina kika samo su? Ko a shagon babanki aka haife su? An ce mini yana nan bakin ƙofa."

Na duba takalmina. Yana buƙatar gogewa.

An ce za a kafa kwamiti, kuma sunan abin ƙirƙirar alƙaluma, wato ta zauna a inuwa ta ƙago mutane. Jan Biro, malamin da ke duba aikinta tun farko, ya fito ya wuce ni kamar turken lantarki.

Ba wanda ya ce uffan game da gefe. Ko mutum ɗaya.

Juma'a, da yamma

Tun jiya ta kulle kanta a ɗaki da kwamfutarta, ta sa manhajar ta fitar da teburan, ta share, ta sake sa ta. Kullum abu ɗaya yake fitowa, mummunan nan na farko. Ta fito idanu jawur ta ce Baba, na rasa inda na yi kuskuren. Na ce mata inji ne, shi ma yana da ranar da aljanunsa ke tashi. Ba ta yi dariya ba, amma ta gode mini.

Maman yara ta same ni ina cin abinci, ta tsaya a kaina.

"Malam, na san hannun nan naka. Ko labulen gidan mutane ka gani a karkace sai ka miƙe ka gyara."

Na ce mata da haka ne da tuni na gyara ta. Ta ɗauke kwanon ban gama ba.

Asabar, da safe

Na share kwamfutar shago kakaf. Ta daɗe tana nauyi.

Asabar, bayan la'asar

Farfesa ta zo neman ainihin abin da na tura wa firinta, ta ce tana so ta gani da idonta. Na ce kash, da safen nan fa. Ta kalli kwamfutar, ta kalle ni, ta kalli allon shago. Ta ce ba komai, za ta ari kwafi ɗaya a ofis.

Litinin, da azahar

Bayana na ciwo.

Labari ya zaga. Wani ɗalibi mai ƙaton agogo ya shigo ya ce Baba, a ƙara mini mutum goma a teburina, an ce a nan ake haihuwarsu. Shago cike, kowa ya zuba mini ido. In aka jefo maka irin wannan, ko ka cafe ko ta fasa maka goshi. Na ce ai layi ake bi, Farfesa ta riga ta kwashe na wannan watan. Suka fashe. Da na ga kasuwa ta buɗe sai na ƙara musu, na ce yarinyar nan shekara biyu tana bin injin niƙa, ta dawo mana da labarin cewa auduga ta fi inji haɗari, yanzu ko katifa tsoron kwanciya a kanta nake. Har Mai Ɗinki ya leƙo daga shagonsa yana share hawaye.

Tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon abincina. Ban san tun yaushe ba. Ta ajiye shi a kan firinta, ta ce Mama ta ce a kawo.

Na cinye. Ba a wasa da abinci.

Talata, da hantsi

Jan Biro ya zo shagona da ƙafarsa, abin da bai taɓa yi ba. Na ba shi kujera ya ƙi, na ba shi lemo ya ƙi, wannan kam ya yi dabara. Ya ce shi ya san yarinyar, ya ga takardun da ta tattaro daga wurin masu niƙa, ya san ba ta da dalilin ɓata aikinta da kanta. Amma kwamiti abin da aka ɗaure aka miƙa da sa hannunta shi yake dubawa. In wanda ya buga ya zo ranar Alhamis ya ce shi ya taɓa teburan, za a ba ta gyara ta sake bugawa, shi ke nan. In ba haka ba za a soke kundin, a sallame ta, kuma abin zai bi sunanta duk inda ta nemi karatu ko aiki.

Na tambaye shi shi kuma wanda ya buga ɗin fa, a ce misali. Ya ce sai dai a liƙa sanarwa a allon kowane sashe cewa shagon wane yana taɓa aikin ɗalibai, kada a kai masa.

Na ce Allah ya kiyashe mu da irin waɗannan shagunan. Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau, sannan ya ce in zo ranar Alhamis ko ta yaya.

A layin nan tun ina da gashi ake ce mini Baban Tsari. Ko shugaban sashen da ke kai yanzu, ni na buga masa nasa kundin, har waƙafi na gyara masa.

Talata, da yamma

Bayana na ciwo.

Laraba, da sassafe

Ta riga ni zuwa shago, na tarar da ita zaune a kan dakali da mai baƙin bango a cinya. Da na buɗe, ta shimfiɗa shafi biyu a kan tebur, nata da na ofis, gefe da gefe. Ba ta ce ga wannan ga wancan ba. Ko makaho ya san wanne ya fi kyau.

Ta sa yatsa a kan kanun, ta ce tun tana ƙarama in ta zauna a ƙarƙashin teburin nan tana jin ina faɗa wa masu koyo cewa Eh ce babba, ita ke shiga gaba. Ta ce ta san ban yi don in cuce ta ba. Ta ce za ta roƙi Jan Biro, za ta durƙusa wa kwamitin kada a liƙa sunan shagon, in ma an liƙa ita za ta riƙe gidan in ta sami aiki.

"Baba, ba sai ka yi dogon bayani ba. In sun tambaye ka, kalma ɗaya ce."

Na ce mata ni da ko a ɗaurin aurena sai da aka ce in taƙaita, yaushe na iya kalma ɗaya? Ta jira. Ni ma na jira. Allah ya kawo wata ɗaliba da hoton takarda, na tashi na yi mata, na ƙara mata kwafi ɗaya kyauta.

Da na juyo ta tafi. Ta bar mini shafukan biyu.

Alhamis, bayan azahar

Na je. Kada wani ya ce ban je ba.

Mutum biyar a bayan dogon tebur, fanka na juyawa a sama tana kuka. Farfesa a kujera ita kaɗai a gefe, hannuwa a cinya. Shugaban kwamitin ya gane ni, ya ce a'a, Baban Tsari ne da kansa. Jin haka sai ƙirjina ya buɗe. Ya tambaye ni sana'ata da daɗewata a ciki, na ba su labarin tafireta da ta taɓa cin gemun wani malami, suka yi dariya. Ka ga manyan malamai biyar suna dariyar maganarka, kai mai aji uku, wani abu ne da ba ya faɗuwa.

Sai ya ce, "Ka taɓa wani abu a cikin teburan nan?"

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe. Ni da lissafi ko gaisawa ba ma yi. Abin da aka ba ni shi nake bugawa."

Da ma a nan na tsaya. Amma ɗakin ya yi tsit, ni kuma shiru ba ya mini kyau, sai bakin ya ci gaba shi kaɗai. Na ce su yi mata sassauci, yarinya ce mai son abu ya cika, tun tana ƙarama in aka ce ta ƙirga kajin gida ta ga ɗaya ta ɓace, sai ta haɗa da ta maƙwabta. Uku suka yi dariya. Ɗaya ya rubuta. Jan Biro ya cire tabarau ya rufe ido.

Ba mu taɓa kiwon kaji ba. Ban san daga ina kajin suka fito ba.

Shugaban ya juya gare ta, ya ce ga kwamfutarta nan ta nuna musu abu ɗaya, ga kundi ya nuna wani, ga wanda ya buga ya ce bai taɓa ba, tana da abin cewa? Ban kalle ta ba, fankar nake kallo, akwai ƙusa ɗaya da ta kusa fita.

Ta ce, "Ni na sa hannu."

Shi ke nan abin da ta ce. Ashe ita ta iya taƙaitawa.

Juma'a, da safe

Maman yara ta daina yi mini magana. Shekara da shekaru ina roƙon wannan, sai yanzu aka amsa.

Talata, da la'asar

An soke. An sallame ta. Ba a liƙa komai a allon kowa ba.

Ciniki lafiya lau, lokacin miƙa kundi ne.

Alhamis, da hantsi

Mai Ɗinki ya shigo ya ce wai sakataren sashe na tambaya ko za mu karɓi kwafin nan huɗu, sun tare musu wuri. Ya ce in ba na so shi yana so, bangon na da kyau, zai cire cikin ya sa wa wani. Na ce ya bar mini ɗaya. Na buɗe shi bayan ya fita. Wallahi har yanzu ba tebur ɗaya da ya taɓa gefe.

Litinin, da safe

Ta zo shago da shirin aiki, ta ce ba ta iya zaman gida ba, in ina neman mai buga rubutu ga ta. Na ce Farfesa da kanta a shagon mai aji uku, yau allon nan zai sha gyara. Ta ce in daina kiranta haka a gaban mutane, ba daɗi. Ta ja kujera ta zauna a gaban kwamfutar da na share.

Hannunta ya fi nawa sauri. Tun safe Maigida take ce mini, kamar yadda masu koyo ke yi. Na ɗauka wasa ne, na jira ƙarshensa, ba shi da ƙarshe.

Laraba, bayan la'asar

Wani ɗalibi ya kawo kundi da tebura irin nata, sun tsallake gefe, A'a a gaba. Na leƙa ta kafaɗarta na ce wannan ai zare zai cinye masa layi, ko ɗan matsawa a yi. Ba ta ɗago ba.

"Abin da aka ba ni shi nake bugawa, Maigida."

Firinta ta ja takarda. Ɗalibin na tsaye yana kallonmu, sai na ce masa ka ga yadda duniya ta koma, yanzu ni ne ɗan koyo a shagona, gobe ma sai an ba ni izinin shan ruwa. Ya yi dariya. Ita ma ta yi, a kan lokaci, daidai tsawon da ya kamata, irin wadda abokan ciniki ke yi mini in suna jiran takardarsu ta fito.

Sannan ta miƙa masa kundinsa ta ce saura wa.